Seyni Kunce da zancen gona da icce

A filinmu na tarihin magabata yau mun ɗauko Janar Seyni Kunce, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987. Zancen mulkin soja da tsoron da aka sha, wannan kowa ya san shi. Mu abin da ya taɓa gona da icce za mu duba, domin har gobe ana kai ƙara gaban maigari a kan abin da ya faro tun zamaninsa.

An haife shi a 1931 a Fandu, cikin yankin Filinge, a gidan sarautar Zabarmawa. Tun yana yaro aka kai shi makarantar 'ya'yan soja a Kati ta ƙasar Mali, daga nan sai Sanluwi ta Senegal. Ya yi wa Faransa aikin soja a Indoshin da Aljeriya, ya dawo cikin rundunar Nijar bayan samun 'yancin kai, har ya zama babban hafsan hafsoshi a 1973. Lokacin nan fari ya riga ya cinye ƙasa shekaru a jere, dabbobi sun ƙare, rumbuna babu hatsi. Ranar 15 ga Afrilu 1974 ya kifar da gwamnatin Jori Hamani, kuma yunwa da yadda aka yi da abincin agaji suna cikin manyan dalilan da sojojin suka bayar.

To, ga inda zancen yake. Ranar 18 ga Disamba 1974, a jawabin bikin jamhuriya, Kunce ya sanar cewa duk gonar da mutum yake nomawa ta zauna hannunsa, ko ta wace hanya ya same ta. Wato wanda aka ba aro, da wanda ya karɓi jingina, da wanda ke kai damin hatsi ga mai gona kowace kaka, duk an ce su ci gaba da riƙewa. Talaka ya ji daɗi, kuma da gaskiyarsa, don akwai gidajen da suka yi shekara arba'in suna noman ƙasar da ake iya ƙwace musu da safe ɗaya.

Amma fa magana ce ta baki, ba a bi ta da rubutacciyar doka da ta fayyace komai ba. Mai gona ya ce gadon ubansa ne, mai noma ya ce shugaban ƙasa ya ba shi, kowa da hujjarsa. Masu gonaki da yawa suka daina ba da aro, wasu suka yi sauri suka karɓe nasu, wasu kuma suka daina barin gona ta huta don kada a ce babu mai ita. A ganina niyyar mai kyau ce, sai dai wanda ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa, shi ne aro ya yi wa wuya daga baya. Ku tambayi tsofaffin garinku, za ku ji yadda rigimar gidan wane da gidan wane ta samo asali.

Icce kuma labarinsa daban. Makonni shida kafin juyin mulkin, ranar 4 ga Maris 1974, aka sa hannu a kan dokar gandun daji, wadda ta gaji tsarin Turawa na 1935. Kunce ya tarar da ita, ya bar ta tana aiki. A ƙarƙashinta itatuwa irin su gawo suna hannun hukuma ko da cikin gonarka suka tsiro. Ka sare reshe, ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Me manomi zai yi? Sai ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami lokacin sassabe, kada ya girma ya jawo masa fitina. Dokar da aka yi don kare icce ita ce ta riƙa rage shi a gona.

Ba wai bai damu da hamada ba. A zamaninsa ne, tun 1975, ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itatuwa, kuma 'yan Samariya sun sha aikin gayya a kan haka. A watan Mayu 1984 aka yi babban taron ƙasa a nan Maraɗi kan yaƙi da kwararar hamada, inda aka amince cewa aikin ba zai yiwu ba sai da hannun mutanen karkara. A shekarar ce kuma damina ta sake ƙin yi. Cikin wannan wahala manoman jihar Maraɗi suka fara barin tsiron sabara da ƙalgo da gawo a gonakinsu suna gyara shi, abin da muke kira sassaben zamani, daga baya ya bazu har Damagaram da Tawa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ya kai hekta miliyan 5.

Mutum ne mai zafin hannu, wannan ba a ɓoye yake ba. Jori ya yi shekaru a tsare, mataimakinsa Sani Suna Sido ya rasu a hannun hukuma, kuma ba a ja da maganarsa a fili, shi ya sa babu wanda ya fito ya nuna masa gibin da ke cikin sanarwar 1974.

A 1986 gwamnatinsa ta kafa kwamitin rubuta dokar karkara, amma bai ga ƙarshen aikin ba. Ciwon ƙwaƙwalwa ya kama shi, ya rasu a asibiti a Paris ranar 10 ga Nuwamba 1987, aka kai shi Fandu aka rufe, Ali Saibu ya gaje shi. Allah ya jiƙan rai. Dokar ta fito ranar 2 ga Maris 1993, ita ce ta kawo kwamitocin ƙasa da ake kira COFO, inda yau ake rubuta takardar aro, ta jingina, ta saye ko ta gado. 'Yan uwa da ke Legas, Kumasi ko Tamanraset da suka bar gona hannun wani, wannan takarda a wurin kwamitin garinku ake yin ta, gaban maigari da shaidu. Haƙƙin manomi a kan iccen da ya raina da hannunsa kuwa, sai a 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar masa da shi.