Dijkstra: Mutumin da Ya Koya wa Manhaja Tsarin Bene

A 1957, wani matashi ya je ɗaurin aurensa a Amstadam, aka tambaye shi sana'arsa, ya ce rubuta manhajar kwamfuta. Hukuma ta ƙi amincewa, wai ai babu sana'a irin wannan. Dole ya rubuta masanin kimiyyar fiziks. Shi ne Edsger Dijkstra, haifaffen birnin Rotadam na ƙasar Holan a 1930.

An fi saninsa da dabarar gano hanya mafi kusa tsakanin wurare biyu, wadda ya ƙirƙiro a 1956 cikin kamar minti ashirin yana shan kofi. Har yau ana amfani da ita wajen tura saƙonni a intanet. Amma ni abin da ya fi burge ni daban ne.

A zamaninsa manhajoji sun fara girma har masu rubuta su ba sa gane kansu. A gyara nan, can ya ɓalle. A 1968 ya bayyana wani tsarin sarrafa kwamfuta mai suna THE, wanda shi da abokan aikinsa suka gina a Eindhoven. Sun jera shi hawa-hawa kamar bene: na ƙasa yana raba wa ayyuka lokaci, na samansa yana kula da ma'adanar bayanai, haka dai har zuwa mai amfani da na'urar. Kowane hawa da na ƙasa da shi kawai ya dogara, don haka ana iya tantance shi kafin a ɗora wani. A ganinsa gwaji yana tona kuskure ne kawai, ba ya tabbatar da babu shi; sai an kawo hujja ta lissafi.

Wannan tunani na cikin tushen harsunan da aka ƙera a shekarun 1990 don zayyana fasalin manhaja da bincikarsa tun kafin a rubuta ta, irin su Wright da Darwin.

Mutumin fa ba shi da sauƙi. Idan aikinka bai yi masa ba, zai faɗa maka ba kara. Ga wani abin mamaki: gwanin kwamfuta ne, amma da alƙalamin tawada ya fi son rubutu. Ya bar takardu sama da 1,300 masu lambar EWD, da yawansu rubutun hannu.

Ya karɓi lambar yabo ta Turing a 1972, ya koyar a Jami'ar Teksas daga 1984, sannan ya koma gida Holan, inda ciwon daji ya yi ajalinsa ranar 6 ga Agusta, 2002.