George Eastman, akawun bankin da ya sa kyamara a hannun kowa

A yau duk wanda ya yi bulaguro, ko zuwa gida hutun Sallah ne, ko fatauci zuwa wata ƙasa, da wuya ya dawo babu hotuna a wayarsa: kogi, dutse, kasuwa, ƙofar gidan kakanni. Shekara 150 da suka wuce, ɗaukar hoto guda ɗaya tak a bayan gari aiki ne na ƙwararru, mai buƙatar lodin kaya da sanin haɗa sinadarai. Mutumin da ya fi kowa hannu wajen sauya wannan lamari shi ne George Eastman, Ba'amurken da ya kafa kamfanin Kodak. Ba shi ya ƙirƙiro hoto ba, kuma ba a lissafa shi cikin gwanayen masu ɗaukarsa. Abin da ya yi shi ne ya sauƙaƙa aikin har ya zama yaro ɗan makaranta ma zai iya.

Maraya mai neman abin rufin asiri

An haifi Eastman ranar 12 ga watan Yuli na 1854 a garin Waterville da ke jihar New York. Daga baya iyalin suka koma birnin Rochester, inda mahaifinsa ke da makarantar koyar da lissafin kasuwanci. Mahaifin ya rasu a 1862, ya bar mata da 'ya'ya uku ba tare da wata dukiyar kirki ba. Mahaifiyarsa Maria ta riƙa saukar 'yan haya a gidanta tana dafa musu abinci don ta ciyar da yaran. Ɗaya daga cikin yayyensa mata, Katie, ta yi fama da cutar shan inna har ta rasu a 1870.

Yana da shekara 14 ya bar makaranta, ya kama aikin ɗan aike a wani kamfanin inshora kan dala 3 a mako. Da dare yakan koyi aikin akawu a gida. A 1874 ya samu shiga bankin ajiya na Rochester a matsayin ƙaramin akawu. Tun daga wannan lokaci aka san shi da rubuta kowane kwabo da ya shiga hannunsa ko ya fita, ɗabi'ar da bai rabu da ita ba har ya zama attajiri.

Hutun da bai je ba

A ƙarshen shekarun 1870 ya yi niyyar zuwa hutu Santo Domingo, a yankin Karebiyan. Wani abokin aikinsa ya ba shi shawarar ya ɗauko hotunan abin da zai gani. Eastman ya je ya sayi kayan aiki, sai ga shi da babban akwatin kyamara, da sandar ɗora ta mai ƙafa uku, da farantan gilashi, da kwalaben sinadarai, da tulun ruwa, da kuma tanti mai duhu.

Dalilin wannan tarkace shi ne yadda ake ɗaukar hoto a zamanin. Sai an shafa wa farantin gilashi sinadari a cikin duhu, a sa shi a kyamara yana jiƙe, a ɗauki hoton, sannan a wanke shi nan take kafin ya bushe, duk cikin 'yan mintoci. Saboda haka mai son hoton dutse ko gaɓar teku dole ya tafi da ɗakin wanke hotonsa har wurin. Eastman ya biya dala 5 aka koya masa aikin. A ƙarshe tafiyar ba ta yiwu ba, amma sha'awar hoto ta riga ta shige shi, tare da takaicin nauyin kayanta.

A mujallun Ingila ya karanta cewa akwai masu gwada wata hanya ta daban, wadda likita Richard Maddox ya bayyana a 1871: a haɗa sinadarin da jelatin, wani abu mai danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi, ta yadda farantin zai yi aiki ko ya bushe. Eastman ya shafe kimanin shekara 3 yana aikin banki da rana, da dare kuma yana gwaje-gwaje a ɗakin girkin mahaifiyarsa. A 1879 ya je Landan ya yi rajistar mallakar wata na'ura da ya ƙera mai shafa wa farantai sinadari da yawa a lokaci guda. A 1881 wani ɗan kasuwa mai suna Henry Strong, wanda ke ƙera bulalar keken doki, ya zuba jari suka kafa kamfani, Eastman kuma ya ajiye aikin banki.

Ba a daɗe ba sabon kamfanin ya kusa rushewa. Farantan da aka sayar wa dillalai suka lalace, kuma aka ɗauki lokaci kafin a gano cewa matsalar daga jelatin ɗin take. Eastman ya karɓi duk waɗanda suka lalace ya musanya su da masu kyau. Ya yi asarar kuɗi, amma ya samu amincewar masu saye, wadda ta riƙe kamfanin shekaru da dama.

Akwati mai hoto 100

Ko busasshen faranti ma gilashi ne, yana da nauyi kuma yana fashewa. Tare da William Walker, Eastman ya fito da naɗin takarda mai ɗauke da sinadari, wanda ake murzawa bayan kowane hoto. Masu sana'ar hoto ba su rungumi abin ba, domin suna ganin gilashi ya fi fitar da hoto tangaran. A nan Eastman ya yanke shawarar da ta sauya rayuwarsa. Tun da ƙwararru sun ƙi, zai nemi kasuwa a wajen jama'ar da ba su taɓa riƙe kyamara ba.

A 1888 ya fito da kyamarar Kodak, ƙaramin akwati da ake riƙewa a hannu, kan dala 25, da naɗin da zai ɗauki hoto 100 a ciki. Ba ta da tagar leƙawa. Mutum zai ja zare, ya saita akwatin wajen abin da yake so, ya danna, ya murɗa makulli don hoto na gaba. Hotunan kan fito a kewaye kamar faifai. Idan naɗin ya ƙare, sai a aika da kyamarar ɗungurungum zuwa Rochester tare da dala 10, a wanke hotunan, a sa sabon naɗi, a mayar wa mai ita. Tallan kamfanin ya yi wa mai saye alkawarin cewa nasa dannawa ne kawai, sauran aikin na kamfani ne. Sunan Kodak kuwa Eastman ne ya ƙaga shi. Ba ya da ma'ana a kowane harshe. Ya so kalma gajera mai sauƙin faɗa a ko'ina, kuma yana son harafin K.

A 1889 masanin sinadaran kamfanin, Henry Reichenbach, ya samar da fim mai haske da ake gani ta cikinsa, wanda ya maye gurbin takarda. Irin wannan fim ne ma'aikatan Thomas Edison suka yi amfani da shi wajen gwajin hotuna masu motsi, wanda ya share fagen sinima.

Dala 25 kuɗi ne mai yawa ga lebura a wancan zamani. Saboda haka a 1900 kamfanin ya fito da Brownie, kyamarar kwali da Frank Brownell ya tsara, kan dala 1, naɗin fim kuma santi 15. An yi ta ne musamman domin yara, kuma a shekarar farko an sayar da fiye da 100,000. Ribar ba a jikin akwatin take ba, tana cikin fim da wankinsa, waɗanda mai kyamara zai ci gaba da saye muddin yana ɗaukar hoto. Daga nan aka fara cika kundayen hotuna a gidaje da hotunan tafiye-tafiye, da bukukuwa, da gonaki, da yara a tsakar gida. A shekarun 1920 kamfanin har alluna ya kakkafa a gefen hanyoyin Amurka, yana sanar da masu mota cewa akwai wurin da ya cancanci hoto a gaba.

Kasuwar ta tsallaka teku da wuri. An buɗe masana'anta a Harrow kusa da Landan a 1891. A Faransa, Paul Nadar, ɗan shahararren mai hoton nan Nadar, ya tafi da Kodak har yankin Turkistan a tsakiyar Asiya a 1890, daga baya kuma ya zama wakilin kamfanin a ƙasarsa. A 1927 aka kafa Kodak-Pathé.

Shaida da tsirara

Sauƙin ɗaukar hoto ya zo da tambayar da har yau ba a gama amsa ta ba, wato wa ke da ikon ɗaukar hoton wa. A Amurka mutane sun fara kokawa da masu ɗaukar su hoto a bakin teku da kan titi ba tare da izini ba. A 1890 lauyoyi biyu, Samuel Warren da Louis Brandeis, suka wallafa maƙalar da ta zama tushen dokokin kare sirrin mutum a ƙasar, kuma hoton da ake ɗauka farat ɗaya yana cikin abubuwan da suka kafa hujja da su.

A Afirka, ƙaramar kyamara ta iso ne daidai lokacin da Turawa ke mamaye nahiyar. Sojoji, jami'an mulkin mallaka da 'yan mishan sun riƙa ɗaukar garuruwa, kasuwanni da fadodin sarakuna, yawanci ba tare da an tambayi waɗanda ke cikin hoton ba, kuma ba tare da an rubuta sunayensu ba. Duk da haka, ita wannan kyamara ta tona asirin zalunci. A ƙasar Kwango da ke ƙarƙashin mallakar Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, wata 'yar mishan daga Ingila mai suna Alice Seeley Harris, wadda hoto ba sana'arta ba ce, ta ɗauki hotunan mutanen da aka yanke wa hannaye saboda ba su kawo adadin robar da aka ɗora musu ba. A 1904 ta ɗauki hoton wani uba mai suna Nsala yana zaune yana kallon yankakken hannu da ƙafar ƙaramar 'yarsa. An nuna hotunan a tarurruka a Ingila da Amurka, kuma gani ya kori ji. Marubuci Mark Twain ya ambaci Kodak a rubutunsa na 1905 kan Leopold a matsayin shaidar da sarkin ya kasa saye. A 1908 aka tilasta wa Leopold miƙa ƙasar ga gwamnatin Beljiyam.

Dukiya da kyauta

Eastman ɗan kasuwa ne mai tsauri. Ya saye abokan hamayya da dama, har wata kotun Amurka ta yanke hukunci a 1915 cewa kamfanin ya yi babakere a kasuwa. Shekara guda kafin haka, an biya dala miliyan 5 don kawo ƙarshen shari'ar da ta samo asali daga wani limamin coci, Hannibal Goodwin, wanda ya riga kamfanin neman rajistar fim mai haske. Bai kuma yarda da ƙungiyoyin ƙwadago a masana'antarsa ba. A ɗaya ɓangaren, tun 1912 ya fara raba wa ma'aikata wani kaso na riba a kowace shekara, a 1919 kuma ya ba su kashi ɗaya bisa uku na hannun jarinsa, wanda darajarsa ta kai dala miliyan 10.

Bai taɓa aure ba, kuma ya zauna da mahaifiyarsa har rasuwarta a 1907. Kyautar da ya bayar a rayuwarsa ta haura dala miliyan 100. Jami'ar Rochester ta samu kaso mafi tsoka, har da makarantar kiɗa da ke ɗauke da sunansa. Cibiyar fasaha ta MIT ta daɗe tana karɓar miliyoyi daga wani da ya ɓoye sunansa, sai daga baya aka san shi ne. Ya tallafa wa makarantun Tuskegee da Hampton na baƙar fatar Amurka, ya kuma ba da kuɗin gina asibitocin haƙori na yara a Rochester, Landan, Roma, Brussels, Stockholm da Paris. Na Paris yana gunduma ta 13, a kan titin da aka sa wa sunansa. A 1930, don cikar kamfanin shekara 50, aka raba kyamara kimanin 500,000 kyauta ga yara 'yan shekara 12.

Tafiye-tafiyen da ya kasa yi yana saurayi ya yi su da tsufa. A 1926 ya je Kenya tare da ayarin da ke tara dabbobi domin gidan tarihin halittu na New York, inda ya yi farauta, ya kuma ɗauki fim ɗin namun daji da ƙaramar kyamarar kamfaninsa. Bayan shekara biyu ya sake komawa gabashin Afirka.

A shekarunsa na ƙarshe ciwon ƙashin baya ya sa tafiya ta zame masa wahala. Ranar 14 ga watan Maris na 1932 ya kashe kansa a gidansa na Rochester, yana da shekara 77. An mayar da gidan wurin adana tarihin hoto da sinima, aka buɗe shi ga jama'a a 1949, kuma yana nan har yau.

Kamfanin ya ci gaba da mamaye kasuwar hoto shekaru da dama bayansa. A 1975 wani injiniyansa, Steven Sasson, ya harhaɗa kyamarar dijital ta farko da ake riƙewa a hannu, wadda ba ta buƙatar fim, amma shugabannin Kodak suka yi jinkirin rungumar fasahar da za ta kashe cinikin fim ɗinsu. A watan Janairu na 2012 kamfanin ya nemi kotu ta kare shi daga masu bin sa bashi, a daidai lokacin da wayar salula ta sa ɗaukar hoto ya kai ga hannun mutanen da ko kyamarar dala 1 ba ta taɓa isa gare su ba.