Grace Hopper, matar da ta buɗe wa manhaja hanyar sauya gida

A watan Janairun 2025 gwamnatin Kamaru ta fara aiki da tsarin AIGLES a madadin SIGIPES da ANTILOPE, tsofaffin manhajojin da ke riƙe da bayanan ma'aikata da albashinsu. Malamin makaranta a Roumdé Adjia ba ruwansa da sunan na'ura, burinsa wata ya ƙare albashi ya shigo cif-cif. Kwashe tsohon aiki daga wata kwamfuta zuwa wata ba tare da an zubar da komai a hanya ba tsohuwar matsala ce, kuma a kanta wata Ba'amurkiya, Grace Hopper, ta yi suna.

An haife ta a birnin New York ranar 9 ga Disamba 1906. Ta sami digirin digirgir a lissafi daga Jami'ar Yale a 1934, ta shiga rundunar sojan ruwa a 1943, aka tura ta Harvard aiki da kwamfutar Mark I.

A wancan zamani kowace kwamfuta da harshenta. Kamfanin da ya sayi sabuwa, dole ya sake rubuta manhajarsa daga tushe. A 1952 Hopper ta samar da A-0, ɗaya daga cikin manhajojin farko da ke aikin tafinta tsakanin mutum da na'ura. Daga baya ita da abokan aikinta suka ƙirƙiro FLOW-MATIC, mai amfani da kalmomin Turanci, wanda ya zama ginshiƙin harshen COBOL a 1959. A Disambar 1960 aka gwada manhaja guda ta COBOL a kan UNIVAC II da RCA 501, na'urorin kamfanoni biyu daban, ta yi aiki a dukkansu da ɗan gyara kaɗan.

Bayan ta yi ritaya, rundunar ta sake kiranta a 1967 domin daidaita harsunan kwamfutocinta. Tawagarta ta tsara gwaje-gwajen tantance ko tafintan kowane kamfani yana bin ƙa'idar COBOL. Ta ajiye kaki a 1986 da muƙamin riya admiral, tana da shekara 79. Ta rasu ranar 1 ga Janairu 1992, aka binne ta a maƙabartar Arlington.

Har yau manyan bankuna da hukumomi a duniya na lissafi da COBOL, masanansa kuwa sai tsufa suke yi, shi ya sa ake taka-tsantsan duk lokacin da za a taɓa shi.