Albert Michelson: Ɗan Garin Masu Haƙar Zinare Da Ya Auna Haske

A shekarar 2010, lokacin da gubar dalma ta riƙa ɗauke yara ƙanana a Yargalma ta ƙaramar hukumar Bukkuyum da Dareta ta ƙaramar hukumar Anka da wasu ƙauyukan yankin, har aka rasa sama da 400, idon mutum bai iya bambanta ƙasar tsakar gida mai guba da wadda ba ta da ita ba. Sai da masana suka zo da wata na'ura ta hannu da ke harba haske a cikin ƙasa, ta karanta abin da ya dawo mata. Asirin aikinta shi ne kowane sinadari da Allah Ya halitta yana da nasa tambarin a cikin haske. Wanda za mu duba rayuwarsa a yau ba shi ya ƙera waccan na'ura ba, amma yana cikin manyan da suka koya wa duniya karatun wannan tambari, kuma shi ma a garin masu haƙar zinare ya tashi.

An haifi Albert Abraham Michelson ranar 19 ga Disamba, 1852, a garin Strelno da ke ƙasar Poland ta yau. Iyayensa Yahudawa ne. Yana ƙaramin yaro suka yi ƙaura zuwa Amurka, mahaifinsa ya kafa kanti a Murphy's Camp ta jihar Kalifoniya, daga baya a Virginia City ta jihar Nevada, garuruwan da haƙar ma'adinai ta tara. Abin lura a nan shi ne uban bai tura yaron rami ba, San Francisco ya tura shi makaranta. A 1869 Shugaba Ulysses Grant ya ba shi gurbi na musamman a makarantar sojan ruwa ta Annapolis, ya gama a 1873, ya dawo yana koyarwa a cikinta. A can ne a 1879 ya auna saurin haske, ya samu kilomita 299,910 a daƙiƙa ɗaya.

Daga nan ya wuce Balin wajen Hermann von Helmholtz, malamin da mu masu nazarin harshe muke girmamawa saboda aikinsa a kan sautin wasula. A Jamus ya ƙera na'urar da ke ɗauke da sunansa a 1881. Tsarinta ba wuya. Ana raba haske gida biyu da wani gilashi, kowane rabi ya bi hanyarsa zuwa wani madubi ya dawo, su sake haɗuwa. Da yake tafiyar haske irin ta igiyar ruwa ce, inda tudu ya haɗu da tudu sai ya ƙara ƙarfi, inda tudu ya faɗa kwari sai su kashe juna. Abin da ido zai gani shi ne layuka na haske da duhu a jere, kuma in aka gusa da madubi ɗaya ko da ƙasa da kaurin gashi ne nesa ba kusa ba, layukan za su motsa.

Masanan wancan zamani sun yi imani cewa akwai wani abu marar ganuwa da ya cika sararin samaniya, wanda haske ke tafiya a cikinsa. A 1887, a birnin Cleveland, Michelson da Edward Morley suka ɗora na'urar a kan falalen dutse da ke yawo bisa zaiba, domin su kama motsin duniya a cikin wannan abu. Ba su ga abin da suka zata ba, kuma ba su murɗe sakamakon ba, sun buga shi yadda ya zo. Bayan 1905, da Einstein ya fito da nazarinsa, aka daina buƙatar wancan abu gaba ɗaya.

Littattafan makaranta a nan suke tsayawa, amma a ganina aikin da ya biyo baya ya fi amfanar talaka. Michelson ya lura cewa in yana janye madubi a hankali, layukan sukan dusashe, su sake fitowa, su sake dusashewa. Duk wanda ya taɓa sauraron tsirkiya biyu da aka ɗaure kusan daidai amma ba daidai ba, ya san yadda amonsu ke tashi yana sauka. Haka haske yake in launuka biyu makusanta suka gauraya. Ta bin wannan tashi da sauka ya gano cewa jan layin sinadarin haidirojin, da ake ɗauka ɗaya ne, ashe biyu ne manne da juna. Ya kuma ga jan layin kadmiyam tsaf yake, shi ya sa a 1892 zuwa 1893 aka gayyace shi Faransa ya auna mita da shi. Ya samu zango 1,553,163.5 a cikin mita ɗaya.

Matsalar ita ce lissafi. Kafin a juya wannan tashi da sauka zuwa jerin launukan da suka haife shi, sai an bi hanyar da Bafaranshe Joseph Fourier ya shimfiɗa a littafinsa na 1822, wato warware igiya mai sarƙaƙiya zuwa sauƙaƙan igiyoyin da suka haɗu suka yi ta. Da wannan lissafi ne muke zana hoton murya a yau, mu ga karin sama da karin ƙasa na Hausa ƙiri-ƙiri a fuskar kwamfuta. Michelson ba shi da kwamfuta, don haka a 1898 shi da Samuel Stratton suka ƙera injin ƙarfe mai sassa 80, ana juya shi da hannu, alƙalami na zana amsa. Ya taimaka, amma aikin ya fi ƙarfinsa. Hanyar ta jira har 1965, lokacin da James Cooley da John Tukey suka wallafa gajeriyar hanyar yin lissafin a kwamfuta. Daga nan na'urar Michelson ta shiga ɗakunan gwaji, inda ake tantance magani da mai da robobi da ita. Na'urorin LIGO ma, masu hannuwa na kilomita 4, da suka kama girgizar sararin samaniya a 2015, a kan tsarinsa aka gina su.

Ya shugabanci sashen kimiyyar lissafi da haske a Jami'ar Chicago tun 1892. A 1907 ya karɓi kyautar Nobel, Ba'amurke na farko da ya same ta a fannin kimiyya. A Disambar 1920, shi da Francis Pease suka auna faɗin tauraron Betelgeuse daga dutsen Wilson, karo na farko da aka auna wani tauraro ban da rana. Tsufa bai raba shi da tambayarsa ta ƙuruciya ba: a 1926 ya sake auna saurin haske tsakanin duwatsu biyu masu nisan kusan kilomita 35, ya samu 299,796, ƙasa da kilomita 4 tsakaninsa da adadin da duniya ta tsayar a 1983. Ya rasu a Pasadena ranar 9 ga Mayu, 1931, yana tsakiyar wani sabon awon a cikin bututu mai tsawon mil ɗaya da aka zuƙe wa iska, wanda Pease da Fred Pearson suka ƙarasa bayansa.