Malam Aminu Kano da Ƙuri'ar Samari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, an haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920, gidan malamai da alƙalai. Ya yi karatun allo, kana ya yi na boko, har ya koyar a Bauci da Maru. A 1950 ya bar aiki, ya shiga NEPU, yana neman a ba talaka ikon zaɓen wakilinsa da hannunsa, gama a lokacin zaɓe hawa-hawa ake yi, manya ke yankewa a ƙarshe. A 1959 mazan Arewa suka jefa ƙuri'a kai tsaye, aka bar mata, shi kuwa bai gushe ba yana nema musu. Allah ya ja ransa har ya ga 1979, sa'ad da mata suka yi zaɓen tarayya, aka kuma rage shekarun mai zaɓe daga 21 zuwa 18, watau iyakar balaga bisa mashahurin zance a mazhabar Maliki. Ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983.

Ya ku malamai da 'yan kasuwa, ku sanar da almajiranku da yaranku na rumfa cewa ƙuri'a shaida ce, shaida kuwa ba a sayar da ita. Allah ya jiƙansa, amin.