Mahmud Mukhtar, ɗan ƙauyen da ya sassaƙa farkawar Masar

Duk wanda ya bi hanyar Jami'ar Alƙahira zai ga wani ƙaton mutum-mutumi na dutse: wata ƴar ƙauye tsaye tana yaye mayafinta, hannunta na dama bisa kan Abul-Haul, zakin nan mai kan mutum, wanda ke yunƙurin tashi. Aikin Mahmud Mukhtar ne.

An haifi Mukhtar a 1891 a wani ƙauye kusa da garin Mahalla al-Kubra. Tun yana yaro yake ɗiban laka a bakin ruwa yana ƙera ƴan siffofi. A 1908 Yarima Yusuf Kamal ya buɗe makarantar koyon zane da sassaƙa a Alƙahira, kuma Mukhtar na cikin ɗalibanta na farko. Ganin hazaƙarsa, yariman ya ɗauki nauyin karatunsa a babbar makarantar fasaha ta Paris.

Zaman Faransa bai zo masa da sauƙi ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sha talauci, kafin ya samu aiki a gidan Grévin, inda ake ƙera siffofin mashahuran mutane da kakin zuma.

A 1919 Misirawa suka yi wa Turawan Ingila bore. Shekara ɗaya bayan haka Mukhtar ya baje ƙaramin samfurin aikin da ya kira Nahdat Misr, wato Farkawar Masar, a bikin baje kolin fasaha na Paris. Da labari ya isa gida, sai wata jarida ta buɗe asusun gudummawa. Ɗalibai, ma'aikata, mata da manoma kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, daga baya gwamnati ta cika sauran.

Mukhtar ya zaɓi dutsen Aswan mai tsananin tauri, irin wanda magina zamanin Fir'auna suka yi aiki da shi. Sauye-sauyen gwamnati sun yi ta tsayar da aikin, sai a watan Mayun 1928 aka ƙaddamar da shi gaban tashar jirgin ƙasa ta Alƙahira. A 1955 aka mayar da shi inda yake yanzu.

Ciwon sankarar jini ya yi ajalinsa a watan Maris na 1934, bai cika shekara 43 ba. Da yawa daga cikin ayyukansa na ajiye a gidan tarihi mai sunansa a tsibirin Jazira, tsakiyar kogin Nilu.