Nana Asma'u 'Yar Shehu: Yadda Ta Ɗauki Rashi

Nana Asma'u, Allah Ya jiƙanta, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce. An haife ta a Degel a shekarar 1793, tagwaye ita da ɗan'uwanta Hassan. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka tun tana ƙarama ta san barin gida, da yunwa, da mutuwar 'yan'uwa a fagen fama. Ta yi karatu mai zurfi a gidan mahaifinta, har ta zama tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato.

Allah Ya ba ta tsawon rai, wanda kuwa ya daɗe a duniya shi ke binne nasa. Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817. Yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ta fi shaƙuwa da shi wajen ilimi da shawara, ya rasu a Wurno a 1837. Mijinta Giɗaɗo ya cika a 1851, daga baya kuma aminiyarta A'ishatu ta bi su.

Abin lura a nan shi ne yadda ta riƙa yi da baƙin cikinta. Ba ta ɓoye shi ba, domin Musulunci bai hana zubar da hawaye ba. Abin da ya hana shi ne kururuwa da yage tufafi da fushi da hukuncin Ubangiji. Ya kuma yanka wa makoki iyaka: kwana 3, sai matar mamaci da ke takaba wata 4 da kwana 10. Asma'u takan zauna ta tsara marsiyya, wato waƙar ta'aziyya. A ciki takan faɗi zafin da ke zuciyarta, ta lissafa kyawawan halayen mamacin domin na baya su koya, ta roƙa masa gafara, sa'an nan ta miƙa al'amari ga Allah. In ta sa aya, sai ta koma bakin aiki.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Bayan rasuwar Bello, ita da mijinta suka duƙufa wajen rubuta tarihin Shehu da jama'arsa, don kada ya tafi tare da waɗanda suka gani da ido. Ta kuma kafa ƙungiyar 'Yan Taru. Takan naɗa wa dattijuwa malfa da jan rawani, a kira ta jaji, ita ke jagorantar matan ƙauye zuwa wurin Asma'u su ɗauki karatu cikin waƙa, su koma su koyar da 'yan'uwansu.

Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru.

To, jama'a, wanda aka yi wa rashi ya dubi wannan baiwar Allah. Ya yi kukansa, ya ambaci mamaci da alheri, ya biya masa bashi, ya yi masa addu'a, sa'an nan ya tashi ya ɗauki aikin da ya bari. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu haƙurin rashinsu, amin.